Harajin Gidan Kaka

Ku gyara zama, jama'a, don yau bakina cike yake da magana. Masu turo mini saƙo suna cewa, "Dervla, kin yi shiru, ko an sayar da gidan ne?" ku kwantar da hankalinku. Ba a sayar ba. Amma saura ƙiris, kuma da cinikin ya faɗa, to har da ni za a haɗa a matsayin gyara.

Ga sababbin zuwa, sunana Dervla McGinley, shekarata ashirin da bakwai, ina aikin rabin yini a kantin magani na garinmu, nan gaɓar tekun Donegal a ƙasar Ireland. Farkon bara kakata ta wajen uba, Kaka Hanora, ta rasu ta bar mini ɗan gidanta, fari mai jar ƙofa, ɗaki biyu da kicin, wanda in ka buɗe taga gishirin teku ke shigo maka har cikin shayi. Ba ta bar wa ɗanta Baffa Malachy ba. Ba ta bar wa Mama ba, wadda ta yi jinyarta shekara huɗu bayan rasuwar Babana. Ni ta bar wa, kuma har yau ba a gama yafe mini ba.

Don a zauna lafiya, ranar addu'ar cikarta wata guda na yi wata suɓul da baka a gaban dangi. Na ce zan riƙa ba da hayar gidan ga masu zuwa hutu, kuma duk ranar da ya sa ni cin bashi, ko na sisi ne, zan sayar a raba kuɗin uku, ni da Mama da shi Baffa. Baffa Malachy bai taɓa tuna ranar haihuwata ba, amma wannan maganar ya haddace ta har da inda na ja numfashi.

Ranar Lahadi, mako biyu da suka wuce, muna cin abincin rana a gidan Mama bayan an taso daga coci. An shimfiɗa farin mayafin tebur mai ɗinkin furanni, an fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Daga ganin haka na san Fintan zai zo.

Fintan Sweeney dillalin gidaje ne, shekararsa talatin da huɗu, motarsa baƙa ce wuluk, takalminsa kuwa har fuskarka kake gani a ciki. Shi ne zaɓin Mama. Ku fahimce ni, ba mugu ba ne. Yana kawo wa Mama kek, yana buɗe mini ƙofar mota. Aibinsa ɗaya, yana mini magana kamar yadda ake yi wa kyakkyawar kyanwa.

Muna tsakar cin dankali ya goge bakinsa ya ce, "Gimbiya, na sa akawun ofishinmu ya duba maganar harajinki. Nawa kika ce baƙi sun biya bara?"

"Yuro dubu goma sha tara da ɗari huɗu."

Ya zaro alƙalami daga aljihun kwat, ya yi rubutu a bayan katinsa ya turo mini. Na duba, na sake dubawa. Dubu goma sha huɗu.

"Bakwai na bara," in ji shi, "bakwai kuma kafin alƙalami na bana, haka dokar take. Kafin ƙarshen Oktoba."

Jama'a, abin da nake da shi a asusuna gaba ɗaya dubu biyar da ɗari biyu ne. Sauran duk sun tafi a gadaje da kujeru da firiji da na saya kafin baƙon farko ya taka ƙofar.

Baffa Malachy ya ajiye cokali a hankali, fuskarsa ta yi irin ta mai zuwa ta'aziyyar attajirin da bai da magaji. "To, 'yar nan, kin dai yi iya ƙoƙarinki. Alkawari kuwa kaya ne."

"Ina da wasu Jamusawa, mata da miji, sun ga hoton gidan sun haukace sai sun saya," in ji Fintan. Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa. "Ko kuma ni in biya. Ba bashi ba, kyauta. Tunda dai mun kusa zama abu ɗaya."

Mama ta dafe ƙirji. "Kin ji ɗan albarka! Ke, ba za ki ce komai ba?"

Me zan ce? An sa ni a tsakiya. In na ci bashi, gida ya tafi. In na karɓi kyauta, ni na tafi. Na ce ina son ƙarin miya, don kawai in samu abin da zan sa a bakina.

Kafin in kai gida saƙon Mama ya riga ni: "Kada ki watsa mana ƙasa a ido. Irin Fintan ba a tsintarsu a bakin hanya." Na Fintan ya biyo baya: "Kada ki wahalar da kanki da lissafi, gimbiya. Ki bar wa maza ciwon kai." Har da hoton zuciya guda uku.

Wannan saƙon ne ya tashe ni, ba kuɗin ba.

Washegari bayan na tashi aiki na wuce gidan Kaka. Wasu baƙi 'yan Holan sun fita da safe, sun bar mini yashi a baho da rabin kwalbar madara. Na yaye zanen gado, na zauna a kan katifa tsirara, na yi kukana na ƙoshi. Ina sanye da tsohuwar rigar sanyin Babana mai huda a gwiwar hannu, gashina a ɗaure da robar da aka ɗauro albasa da ita. Da na gama na fyace hanci, na nemo lambar ofishin haraji. Na ce ko yanka ni za a yi, gara in ji daga bakin mahauci.

Minti ashirin da biyu ina sauraron kiɗa, sannan wata mata ta ɗauka, muryarta a toshe da mura.

Na kwashe komai na faɗa mata, har da abin da ba ta tambaya ba, har da Jamusawa.

Ta yi atishawa ta ce, "Tsaya, tsaya. Wannan dubu goma sha taran, ciniki ne ko riba?"

"Abin da baƙi suka biya ke nan."

"To da me kike ɗumama gidan? Da addu'a?"

"Da kananzir."

"Kyauta ake ba ki?"

"A'a."

"Zanen gadon fa, shi ke wanke kansa? 'Yata, a kan riba ake biyan haraji, ba a kan ciniki ba. Duk abin da kika kashe don baƙin nan kaɗai, ki cire shi tukuna. Abin da ya rage shi ne muke da magana a kai. Kina da rasidai?"

Na ɗaga kai na dubi saman kabad. Kaka Hanora mace ce da ba ta yar da takarda ko ta ƙunshin kifi ce, kuma ta raine ni a kan haka. Tun ranar da na fara aikin gidan, duk wata 'yar takarda da aka miƙo mini a kanti sai in cusa ta cikin tsohon gwangwanin biskit ɗinta, ba don na san amfaninta ba, sai don hannuna ya saba.

Na ce, "Ina da gwangwani guda."

"Allah Ya yi wa wadda ta raine ki albarka," in ji ta. Sai ta yi mini karatu kamar 'yar firamare. Gyaran abin da ya lalace ana cirewa, sabon gini ba a cirewa. Gadaje da kujeru da firiji a raba kuɗinsu gida takwas, a cire kashi ɗaya kowace shekara. In dangi sun zauna kyauta, kwanakinsu ba na kasuwanci ba ne, a ware su. Na rubuta duka a bayan takardar da 'yan Holan suka bar mini ta godiya.

Yini huɗu na yi a teburin kicin ɗin nan, daga ƙarfe biyu har rana ta yi sanyi. Na juye gwangwanin, rasidai suka bazu kamar ganyen kaka. Na danne kowane tsibi da abin da hannuna ya kai: kuɗin wuta a ƙarƙashin kwalbar gishiri, na kananzir a ƙarƙashin butar shayi, inshora a ƙarƙashin gunkin Maryamu na Kaka, don na ga ita ta fi dacewa da tsaron wannan. La'adar da shafin intanet ɗin da baƙi ke neman gidan ta kansa ke yanka a kowane baƙo kaɗai ta kusa dubu uku, ban taɓa haɗawa na gani ba sai ranar.

Kowace takarda da labarinta. Ga ta mai gyaran famfo, ranar da ɗan wasu baƙi ya tura motar wasansa cikin masai. Ga ta butar lantarki ta uku, don akwai mutanen da har yau ba su san ba a dafa miya a cikinta ba. Ga na fulawa da man shanu, don kowane baƙo sai na gasa masa burodi na ajiye a kan tebur kafin ya iso. Wasu rasidan sun koɗe har sai na kai su jikin taga ina ƙyafta ido. Ina lissafi ina dariya, wani lokacin ina ƙwalla, don ashe shekara guda ta rayuwata ce a cikin gwangwanin nan, ba wanda ya gan ta sai ni.

Ranar Laraba Mama ta faɗo ba sallama, da lemarta tana ɗiga, da sabuwar kwat ɗinta ruwan toka mai manyan maɓallai.

"Me nake gani haka? Kin zama bola?"

"Haraji nake cikewa, Mama."

"Ke? Ke da malamin lissafi ya kira ni makaranta sau biyu a kanki?"

Na juya mata kwamfutata ta ga jimlar da na kai. Ta sa tabarau, ta matso, ta ja kujera ta zauna ba tare da ta cire kwat ba.

"Wato duk wanda kika rubuta a nan, gwamnati ba ta cin komai a kansa?"

"In don baƙi aka kashe shi."

Idanunta suka fara juyawa. Na san wannan kallon, shi take yi a kasuwa in ta hango an karya farashi. "To ai kwat ɗin nan tawa, da ita na zo na buɗe wa baƙi ƙofa ranar da kika tafi bikin ƙawarki. Rubuta. Ɗari da tamanin."

"Mama!"

"Da labulen falona. Ai baƙi suna wucewa ta gaban gidana suna gani."

Na yi dariya har na shaƙe. Ita ma ta so ta dara, ta danne. Sai ta ga ina cire wani kaso daga kuɗin wuta da na kananzir, ta ce me ke nan. Na ce makonni ukun nan ne na watan Yuli da surukan Baffa Malachy suka zo daga Amirka suka tare a gidan kyauta, suna kunna na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar bazara. Na cire kuma kuɗin 'yar rumfar da na gina a bayan gida, don sabon gini ce.

"Ke wawuya ce? Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. "Hanora sak," ta ce, kamar zagi. Amma ta tashi ta ɗora shayi, ta cire kwat ɗin ta rataye, ta zauna tana miƙe mini rasidan da suka cukurkuɗe da gefen hannunta har yamma. Ba ta ambaci Fintan ba sai da za ta fita, shi ma a bakin ƙofa, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Abu ɗaya ya rage, rufi. A Nuwamban bara guguwa ta kwashe fale-falen dutsen rufin ɓangaren teku, ruwa ya riƙa zuba a kan gadon baƙi. Wanda ya hau ya gyara cikin iskar nan shi ne Ultan Breslin, mai gyaran rufi, ajinmu ɗaya a firamare, wanda ya taɓa sa mini ƙaguwa a jakar makaranta. Yini biyu ya yi a sama. Na tambaye shi kuɗinsa ya ce zai turo, har yau yana turowa.

Na rubuta masa: "Ina buƙatar rasidin rufi."

Bayan minti ɗaya: "Wane rufi?"

"Wanda ka kusa mutuwa a kansa."

"Ban tuna ba. Rufi da yawa sun so kashe ni."

"Ultan, ba wasa nake ba. Kana ina?"

"Saman ɗakin taron coci. Kada ki zo, akwai iska."

Na je. Kuma kada wata ta tambaye ni dalilin da ya sa na tsaya na canza riga, na sa shuɗiyar mai ɗamara, na taje gashina. Iska ta watsa shi kafin in fito daga mota, alhakin ƙarya ke nan.

Ya sauko daga tsani yana goge hannu a wando, hular ulu a kansa, ƙurar dutse har a girarsa.

"Mai masauki da kanta! Wa ya mutu?"

"Nawa ne kuɗinka?"

"Kin ba ni shayi da burodi. Mun rabu."

"Fale-falen fa? Daga sama suka faɗo maka?"

"Ragowar wani aiki ne."

"Ƙarya kake, na ga motar kanti ta kawo su."

Ya sosa ƙeya, ya kalli sama kamar rufin zai cece shi. Da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori, ya ce ɗari shida da arba'in, kaya da aiki. Na zaro waya na fara tura masa.

"Tsaya, Dervla. Kin iya lissafi kuwa? Za ki ba ni ɗari shida da arba'in don a rage miki abin da bai fi ɗari biyu ba a haraji. Ko tunkiyar Babana ta san wannan faɗuwa ce."

"Na sani."

"To don me?"

"Don ba na son kyautar kowa a kan gidan nan. Ko ta wa."

Ya daina dariya. Garinmu ƙarami ne, in ka yi tari a wannan gefen za a ce maka sannu daga wancan. Na san ya ji labarin katin Fintan.

"Ko ta wa," ya maimaita a hankali. Sai ya buɗe motarsa, ya tono wani littafin rasidi da ya sha kofi, ya ɗora a kan gwiwa ya rubuta da ranar aikin da komai. Da zai miƙo mini bai saki da wuri ba. "Wanda ya ce ba za ki iya ba, bai taɓa ganin yadda kika rama maganar ƙaguwa ba."

Na fizge takardar na juya, don kada ya ga abin da fuskata ke yi. Ku kuma kada ku fara, na san halinku.

Ranar Juma'a da ƙarfe uku da minti ashirin na cike layi na ƙarshe. Ciniki dubu goma sha tara da ɗari huɗu. Ɗawainiya dubu goma sha biyu da ɗari uku. Na danna, na rufe ido, na buɗe ɗaya.

Harajin bara, dubu biyu da ɗari da hamsin. Da kafin alƙalamin bana, dubu huɗu da ɗari uku.

Na sake bin lissafin tun daga farko, sau biyu, da yatsa a kan kowane layi. Bai motsa ba. Na danna biya, daga asusuna, da kuɗina, da sunana. Saƙon banki ya shigo: saura yuro ɗari biyu da sittin. Jama'a, ban taɓa ganin kuɗi kaɗan masu kyau irin waɗannan ba. Na yi ihu har tsuntsayen teku suka tashi daga kan katanga. Na yi rawa a kicin ɗin Kaka da silifas, na rungumi firiji, na sumbaci gunkin Maryamu a ka na ce mata ta yi aiki.

Ban gaya wa kowa ba. Na buga takardar shaida a wurin aiki, na ninke ta uku, na jira Lahadi.

Ranar kuwa na yi shiri kamar mai zuwa karɓar kambu. Koriyar rigata mai dogon hannu, 'yan kunnen azurfa na Kaka, jan baki ja wur wanda Mama ke cewa na 'yan birni ne. Mama ta gasa cinyar rago, ga dankali iri biyu, ga kabeji da man shanu. Baffa Malachy ya zo da sabuwar taye, har ya fara maganar irin motar da yake ganin ta dace da mai shekarunsa. Fintan ya zo da furanni da wata jakar takardu ta fata, ya jingine ta a ƙafar kujerarsa.

Na bari kowa ya ci ya ƙoshi, don ba a ba mutum labari irin wannan da yunwa.

Fintan ya buɗe jakar. "Gimbiya, saura kwana goma sha ɗaya. Jamusawan sun ƙara dubu biyar. Ko kuma, kamar yadda na ce..."

"Na biya."

"Kin biya me?"

"Harajin. Shekaranjiya."

Na zaro takardar na shimfiɗa ta a tsakiyar tebur, tsakanin kwanon miya da furanninsa. Baffa Malachy ne ya fara cafkewa. Ya nesanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya karɓi tabarau ɗin Mama ya ɗora a hancinsa.

"Wa ya ranta miki?"

"Ba kowa, Baffa."

"Dubu huɗu? An ce goma sha huɗu! Yarinyar nan kin yi wa hukuma ƙarya, za su zo su ɗaure mu duka."

"Kowane sisi da rasidinsa. Har makonni ukun da surukanka suka yi na ware, ban ɗora wa gwamnati ba. Ni na ɗauki nauyinsu. In kana son sanin nawa suka ƙona na kananzir a watan Yuli, yana shafi na biyu."

Bai nemi shafi na biyu ba. Ya sassauta tayensa ya ce naman ya yi gishiri.

Kunnuwan Fintan sun yi ja kamar an murɗe su. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, kuma in ba shi haƙƙinsa, bai yi musu ba. "Akawunmu bai san kin ajiye rasidai ba," ya ce.

"Ka tambaye ni?"



"Ban tambaya ba," ya ce. Ya mayar da takardun Jamusawa cikin jaka ya ja zif. "Na yi zaton..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba.

Ina jiran Mama ta fara, don na san an ɓata mata biki. Sai ta miƙe, ta ɗauko kek ɗin tufa daga kan kabad, ta yanka ƙaton yanki, wanda kullum na Fintan ne, ta dire shi a gabana.

"Yini guda na yi ina miƙe mata takardun nan," ta gaya wa Baffa, tana nuna shi da wuƙa. "Ko kwat ɗina ta ƙi sakawa. Ka ce ta yi ƙarya? A gidana? Malachy, ci kek ka yi shiru."

Na sunkuyar da kai ina ci, don in na ɗago zan yi kuka, jan bakina ya lalace.

Da Fintan zai tafi na raka shi zaure. Ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce ya raina ni, kuma ya gane. Ya ce in ba shi dama ya gyara, ranar Asabar, cin abinci a garin Letterkenny, ba maganar gida, ba maganar haraji. Karon farko ke nan da ya kira ni Dervla ba gimbiya ba. Na ce zan yi tunani, don gaskiya ban shirya wa wannan Fintan ɗin ba. Wancan na saba da shi.

Na rufe ƙofa na jingina da ita, ina jin daɗi har cikin yatsun ƙafata. Gidan Kaka nawa ne, ba bashi, ba kyauta. Daga kicin ina jiyo Mama tana wanke kwanuka tana waƙar coci da ƙarfi, abin da ba ta yi sai ta ci wani da yaƙi.

Sai wayata ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in baƙo ya nemi gida. Na yi murmushi, na ce kasuwa ta buɗe. Na duba.

Kwana uku, ƙarshen makon farko na Nuwamba. An biya duka. Sunan mai nema: Ultan Breslin.

Na yi dariya ni kaɗai a zaure. Mutumin da gidansa bai fi tafiyar minti goma da nan ba, me zai yi da gidan hutu? Na ce wata tsokanar ce irin tasa. Sai idona ya sauka a layin ƙasa.

Adadin baƙi: manya biyu.

A wurin da baƙo ke rubuta buƙatarsa kuma ya sa: "Don Allah a ajiye furanni a ɗakin da ke kallon teku. Rawaya ta fi so."

Jama'a, ni ban taɓa son rawaya ba. Duk garin nan an san haka. To wace ce wannan?

Maɓalli biyu suka tsaya a gabana, ɗaya na karɓa, ɗaya na ƙi. Mama ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke kuma lafiya? Yanzun nan kike washe baki. Wa ya turo miki saƙo?"